'Yar Filifin Ce, Ba Alewar Shinkafa Ba

Abin da ke cikin farantin nan na kan teburin shayina, sunansa 'yar Filifin. Haka ake kiransa tun shekarar da aka ƙirƙiro jihar Adamawa, haka kuma za a ci gaba da kiransa muddin ina numfashi. Wanda ya zo ya ce in ba shi alewar shinkafa, sai in ce masa babu, ko da farantin yana gabansa cike. Wasu na cewa tsufa ne ya fara taɓa ni. Ba tsufa ba ne. Ni na ƙago wancan suna da bakina, don haka ni ya kamata in binne shi.

Ni mai shayi ne a bakin tike, wato kasuwar shanu ta Mubi. Mahaifinmu daga ƙasar Katsina ya zo da fataucin fata, garin ya karɓe shi, ya zauna. A nan aka haife mu. Cikin 'ya'yan da Inna ta haifa mu biyu muka rayu, ni da ƙanwata. Karatuna bai wuce firamare ba. Ita ko firamaren ba ta gama ba, amma duk wanda ya san mu ya san wa ya fi wani kai.

Tun tana budurwa ta yi aiki a gidan wata malamar makaranta 'yar ƙasar Filifin, a zamanin da ake ɗauko malamai daga can su koyar a makarantun gwamnati. A wurinta ta koyi wani abin zaƙi da suke yi da shinkafa. Malamar tana da sunan da take kiransa da yarensu, mu dai ba mu riƙe ba. Ta koma ƙasarsu, ƙanwata ta yi aure, ta haifi 'ya mace guda, aka manta da zancen. Sai da mijinta ya rasu, ta ga babu mai ɗaukar mata nauyi, sannan ta tuna da abin da hannunta ya iya.

Ga yadda ake yi. A samu sabuwar shinkafa 'yar gida, mai danƙo, ba 'yar waje mai warwara ba. A kankare kwakwa a matse madararta. A dafa shinkafar da rabin madarar, sauran rabin a narka mazarƙwaila a ciki har ta yi kauri ta yi duhu. Sai a haɗa su a babbar tukunya a ɗauki muciya. Daga nan babu tsayawa. In ka tsaya ka share gumi, ƙasan ya kama, ɗaci ya bi ko'ina. Za ka yi ta tuƙi har kafaɗarka ta fara kuka, har abin ya rabu da jikin tukunya da kansa. Sannan a shimfiɗa ganyen ayaba a faranti, a juye, a daddanne, a bar shi ya huce, a yanka.

Sau ɗaya na ce bari in taya ta. Ban yi nisa ba na ajiye muciyar.

Ta ce, "Yaya, hannunka na shayi ne. Juyi uku da cokali, ka miƙa kofi, ka ce ka yi aiki."

Ranar da ta fara kawo farantin teburina, wani dillalin shanu ya ɗaga yanka ɗaya yana dubawa kamar zai sayi maraƙi. Ya ce wannan kuma mene ne? Na ce abincin mutanen Filifin ne. Ya ci, ya ƙara, ya ce a naɗe masa 'yar Filifin ɗin nan ya kai wa iyali. Shi ke nan suna ya zauna. Kafin damina ta wuce, sunan ya bi mai yin abin. Ba mai kiran ƙanwata da sunan yanka kuma, daga tike har unguwa. 'Yar Filifin ta zo, 'Yar Filifin ta ce. Ita ma ta amsa. Ta koya wa matata, ta koya wa mata da yawa a unguwa, ba ta taɓa ɓoye yadda ake yi ba.

Da a nan ta tsaya, da ba ni da abin rubutawa.

Unguwarmu ba ta da ruwa. Da rani mata sai su tafi mayo, kogin da ya ratsa garin, su tona yashi su jira ruwa ya taru a ramin. Duk zaɓe 'yan siyasa na zuwa da sabulu da gishiri da atamfa, su ce rijiyar burtsatse na nan tafe. Akwai wani mutumin unguwarmu da ya yi kansila, yana neman komawa. Ya sa aka raba sabulu gida-gida. Ƙanwata ta bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, na Musulmi da na Kirista, na ƙabilar Gude da na Fulani da na Hausawa, ta karɓe sabulan a kwando. Ranar da ya tara jama'a a ƙofar gidansa, sai ga mata a jere, kowace da jarka babu komai a ciki, suna buga su kamar ganga. Ƙanwata ta ajiye kwandon a gabansa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ga sabulunka. Mun gode. Mun rasa ruwan da za mu yi wanka da shi ne. In ruwan ya zo ka aiko mana."

Mutane suka fashe da dariya, har da nasa. Bai koma kujerar ba. Wanda ya hau bayansa, da ya ji bugun jarkoki a ƙofarsa sau biyu, sai ga motar haƙa rijiya. Tun daga nan duk wata magana ta unguwa, ta ruwa ce, ta wurin zaman mata masu talla ce a tike, sai a ce a kira 'Yar Filifin. Ba ta shiga jam'iyya ba. Kowa ya hau, ita ce dai da jarkarta.

Ni kuwa me nake yi? Tsohon kansilan yana shan shayi a wurina, da shi da jama'arsa. Sai in share masa benci mai kyau, in ce ya yi haƙuri da yarinyar, mace ce, ba ta san duniya ba. Labari ya kai mata. Ta zo ta ajiye faranti da ƙarfi.

"Yaya, wa ya aike ka ba da haƙuri?"

Na ce zaman lafiya nake nema mana.

"To ka nema wa kanka. Nawa zan nema da bakina."

Haka muka yi ta tafiya shekara da shekaru, ita tana gaba tana faɗa, ni ina baya ina shafawa. A lokacin ina ganin ni ne mai hankali.

Sai shekarar da 'yan bindigar daji suka shigo Mubi. Da hantsi ne. Na ɗora ruwan zafi karo na biyu ke nan muka ji harbi ta yamma, ba irin wanda muka saba ji ba. Shanu suka tsinke, mutane suka tsinke. Na bar tukunyar a kan wuta na ruga gida, na kwashi matata da yara, muka bi sahun masu yin hanyar Sahuda, wajen iyakar Kamaru. Gidan ƙanwata yana kan hanya. Inna a wurinta take zaune, ƙafafunta sun daina ɗaukarta tun shekara biyu kafin nan.

Na leƙa na ce ta fito mu tafi.

Ta ce, "Inna fa? Wa zai ɗauke ta?"

Na duba titi. Babu keke, babu mota, kowa da ƙafarsa. Na ce su jira ni, zan kai yara gaba kaɗan in samo baro in dawo in tura Inna. Inna ta ji ni daga ɗaki, ta ce Allah ya yi mini albarka.

Ban dawo ba. Ba zan ce hanya aka tare ba, don a ranar akwai waɗanda suka koma suka ɗauko nasu. Na ga baro ma, a wani gida da aka bari a buɗe kafin Sahuda. Na tsaya na dube shi. Na ji ƙarar harbi a bayana, sai na wuce. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai daga baya, zan zo wurin.

Abin da ya faru a gidan, ita ta gaya mini da bakinta bayan mun dawo. Maƙwabciyarta wata tsohuwa ce Bagudiya, Kirista, idonta ya yi rauni. 'Ya'yanta suna gona can wajen duwatsu lokacin da abin ya faru, ba su samu shigowa ba. Ƙanwata ta jawo ta ta katanga, ta sa mata hijabin Inna, ta kwantar da ita kusa da Inna. Ta ce mata in an shigo kada ta buɗe baki, za a ce yayar Inna ce, kurma.

Mutanen nan sun riƙe garin, har suka canja masa suna, suka rubuta sabon a bango. Cikinsu akwai wanda ya taso a gefen tike, ya san 'yar Filifin, ya san gidan mai yin ta. Ya zo da abokansa da bindigogi, suka ce ta yi musu. Ta ce babu kwakwa. Suka tafi suka fasa shagon wani suka kawo. Ta duba su, ta duba ƙofar ɗakin da tsofaffi biyu ke kwance. Sai ta fito da murhu tsakar gida, can nesa da ɗakin, ta sa su zauna a zaure, ta tuƙa. Sau biyu aka yi haka. Waɗanda suka rage a unguwa sun ga faranti yana fita daga gidanta.

Ba a yi wata guda ba aka kore su. Mu muka dawo bayan an ce gari ya lafa. Na shiga gidan ƙanwata, kaina a ƙasa. Inna ta kama hannuna ta ce sannu da hanya. Ƙanwata ta ba ni labarin duka, tana wanke tukunya, ba ta ko ɗago ba. Zancen baro ba ta tayar ba. 'Ya'yan tsohuwar suka zo suka ɗauke uwarsu suka kai ta ƙauye. Inna kuwa ba ta ga damina ta gaba ba.

Sai aka fara kawo kayan agaji, shinkafa da tabarmi da kwanon rufi. Tsohon kansila ya samu shiga kwamitin rabo na unguwa. Ƙanwata tana layi ta ga ana juya buhuna ta bayan gidansa. Da wata ce da ta yi shiru. Ita ta fita daga layi ta tsaya a tsakiyar fili ta ce a buɗe ɗakin ajiyar nan kowa ya gani. Ba a buɗe ba. Amma kafin Juma'a magana ta zagaye unguwa: 'Yar Filifin ita ce mai dafa wa mutanen daji abinci.

Wanda bai zauna Mubi a wannan lokaci ba, ba zai san nauyin wannan magana ba. Kowa ya dawo da rauninsa, kowa yana duban wanda bai gudu ba da ido ɗaya. Ana nuna mutum da yatsa da safe, da rana a zo a tafi da shi. Wasu sun dawo, wasu har yau.

Mai unguwa ya kira zama a ƙofar gidansa bayan la'asar. Dattawa a kan tabarma, matasa 'yan sintiri a tsaye, tsohon kansila a gefe yana jan carbi. Ƙanwata ta faɗi abin da ya faru kamar yadda ya faru. Ta ce ta tuƙa, ba ta musa ba, ta kuma faɗi dalili. Aka ce wa zai shaida? Inna tana kabari. Tsohuwar tana bayan duwatsu, ba wanda ya san ƙauyen. Sai mai unguwa ya juyo gare ni.

"Kai ne babba a gidan. Me ka sani?"

Na san komai. Na ga hijabin Inna a jikin tsohuwar da idona ranar da na dawo. Na ga inda aka kafa murhu a tsakar gida, baƙin yana nan. Amma na duba 'yan sintirin nan, na tuna 'ya'yana maza biyu, na tuna teburina. Na kuma san in na fara ba da labarin, dole a tambayi dalilin da ya sa mace ɗaya ta rage da tsofaffi biyu alhali tana da wa namiji.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ba na nan. Ban san abin da ta yi ba."

Ƙanwata ta juyo ta dube ni, ba da fushi ba, kamar dai tana duba shinkafa ta ga ko ta nuna.

Ta ce, "Gaskiya ya faɗa. Ba ya nan. Ya tafi neman baro."

Ba wanda ya gane sai ni. Mai unguwa mutum ne mai gudun fitina. Ya ce shi ba zai miƙa ta ga kowa ba, amma shawararsa ta ɗan bar gari har ƙura ta kwanta. Washegari da safe ta ɗaure kayanta, ta ɗauki muciyarta, ta tafi wurin 'yarta da ke aure a wani ƙauye bayan Sahuda, ta ɓangaren Kamaru. Ba ta biyo ta gidana ba.

Matata ta ci gaba da yin abin, don masu saye ba su daina nema ba. Bayan kwana kaɗan wani ɗan sintiri ya zauna shan shayi, ya nuna farantin da baki.

"Baba, wannan ba ita ce 'yar Filifin ba?"

Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. Na ce a'a, wannan alewar shinkafa ce, matata ke yi. Ya gyaɗa kai ya ci. Daga ranar duk wanda ya kira tsohon sunan sai in gyara masa. Matan da ta koya wa suka ji yadda yayanta ke kira, suka bi. Me za su yi? In ɗan'uwanta na jini ya ji tsoron sunan, su wa? A bakin rijiyar da ta sa aka haƙa ma, in za a ambace ta sai a ce wance. Tsohon kansila ya dawo bencinsa mai kyau. Yakan ce, "Mai shayi, miƙo alewar nan taka," yana jan kalmar yana murmushi. Ni kuma in miƙa.

Kusan shekara biyu muka yi haka.

Wata ranar kasuwa, tebur cike, wani manomi ya zo da ƙaramin buhu a kafaɗa da damin ganyen ayaba. Ya zo sayen san noma ne. Ya ajiye kayan ya ɗaga murya yadda mutanen gona ke yi, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji.

"Ina zan samu 'Yar Filifin? Na je gidansa, an rufe."

Masu shan shayi suka sunkuyar da kai cikin kofuna. Na ce masa ya rage murya.

Ya ce, "Don me? Ya mutu ne?"

Na ce tana raye, ta yi tafiya. Sai ya ce shi ɗan tsohuwar nan ne, maƙwabciyarta. Uwarsu ta rasu bayan girbi. Kafin ta cika ta sa shi ya yi alkawari zai kawo wa 'Yar Filifin sabuwar shinkafa daga gonarsu da ganyen ayaba. Nan a tsaye, ba wanda ya tambaye shi, ya ba da labarin duka da Hausarsa ta ƙauye, hijabin, da kurmancin ƙarya, da murhun tsakar gida. Ya ce uwarsu tana jin ƙarar muciya daga ɗaki tana addu'a kada tuƙin ya ƙare, don muddin ana tuƙi ba mai shigowa.

Sannan ya dube ni da kyau.

"Kai ne yayan? Kai ne mai baro?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "Mama ya ce kullum da safe tsohuwar gidan yana tambaya, ya zo da baron? Sai 'Yar Filifin ya ce, yana hanya, Inna, hanyar ce da nisa."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Shi a ganinsa gaisuwa yake isarwa. Ina riƙe da buta, ruwan zafi yana zuba a kan yatsun ƙafata, sai da wani ya ce mai shayi, ƙafarka.

Na karɓi buhun na ce ni zan kai. Kwana biyu bayan nan na hau keke napep zuwa Sahuda, na ƙarasa sauran da ƙafa, buhun a kaina. Na same ta a gindin mangwaro a ƙofar gidan surukinta, da faranti a gabanta, mata na saye suna ciniki da Fulatanci. Ta rame, furfura ta fito. Ta gan ni tun daga nesa, ba ta tashi ba.

"Yaya. Baron ne a kanka?"

Na sauke, na faɗi saƙon tsohuwar. Ta buɗe buhun ta ɗebi shinkafar ta murza a tafin hannu. Sai na fara abin da ya kawo ni. Na ce na yi kuskure, na ce tsoro ne, na gaya mata har baron da na gani a hanya na wuce. Sai kuka ya taso mini.

Ta ɗaga hannu. "Tsaya. Ban aika a kawo mini kuka ba, muna da shi a nan. A gaban mutane ka ce ba ka sani ba. Yanzu a gindin mangwaro za ka ce ka sani? Mangwaron ne ya kore ni?"

Ta rufe bakin buhun, ta ci gaba.

"Na ji ma ka yi wa abin nawa wanka, ka raɗa masa suna. Alewar me?"

Na ce alewar shinkafa.

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Waɗancan da bindiga suka canja wa gari suna, ko wata guda bai yi ba. Kai da cokalin shayi ka yi shekara biyu. Ashe ka fi su ƙarfi, Yaya."

Na ce ta dawo gida. Ta ce ba ta san wani gida da ake jin kunyar sunanta ba. Ta sa aka kawo mini ruwa da abinci, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta raka ni bakin hanya. Iyakar abin da na samu ke nan.

Da na dawo na ce wa matata ta ba ni muciya, daga yau ni zan riƙa tuƙawa. Ta dube ni ta ce to, Allah ya ba kafaɗa haƙuri. Na farko ya ƙone. Na biyu ya yi ruwa. Na uku na kai tike ranar kasuwa, na ajiye shi a gaban tebur, na buɗe murya kamar mai talla, ni da ban taɓa talla ba tun ina yaro.

"'Yar Filifin! Ga 'yar Filifin da zafinta!"

Dillalai suka waiwayo. Wani tsohon Bafulatani da ya daɗe yana saye ya ce, "A'a, ta dawo ne?" Na ce tana hanya. Da na ji abin da bakina ya faɗa sai na ƙara ɗaga murya.

Tsohon kansila ya zo kamar kullum, ya zauna.

"Mai shayi, miƙo alewar nan."

Na ce, "Babu alewa, ranka ya daɗe."

"Ga ta a gabanka."

"Wannan 'yar Filifin ce. In ita kake so ka faɗa."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Ka san abin da kake jawo wa kanka kuwa? Kana da 'ya'ya."

Na ce, "Ina da su. Ina da ƙanwa ma. Shayi ko tafiya?"

Ya tashi, jama'arsa suka bi shi. Ba su ƙara zama a bencina ba, bencin kuma bai yi kewarsu ba.

Ban tsaya nan ba, don ba a tike na yi ƙaryar ba. Na aika wa manomin nan ya zo. Na je na roƙi mai unguwa ya tara mutanen da ya tara wancan karo, a wuri ɗaya, bayan la'asar. Ya ce a bar abin da ya wuce. Na ce bai wuce ba, yana zaune a gindin mangwaro bayan Sahuda. Da aka taru na miƙe tsaye, ban zauna a tabarmar dattawa ba. Na ce ranar da aka tambaye ni na ce ban sani ba, ƙarya na yi. Na faɗi abin da na gani da idona. Na faɗi zancen baro, tun daga alkawarin har inda na tsaya na dube shi na wuce. Na ce in akwai wanda ya kamata a kora daga unguwar nan saboda abin da ya yi a ranakun nan, ga ni. Manomin ya faɗi nasa. Wata mata daga bayan taro, cikin waɗanda suka buga jarka a da, ta ce, "Mu dai mun sani tun farko." Na juya na ce mata, "Kun sani kuka yi shiru, ni ma haka. Kada mu yi wa juna kwalliya."

Ba kowa ya ji daɗi ba. 'Yan sintiri sun kira ni sun zaunar da ni tun safe har azahar suna maimaita tambaya ɗaya, na ba su amsa ɗaya har suka gaji. Babban ɗana ya yi kwanaki ba ya son haɗa ido da ni, ban sani ba ko kunyar abin da na yi da farko ce ko ta faɗin da na yi. Har yau akwai masu tsallaka titi in sun hango teburina. Su tsallaka. Akwai kuma mata biyu ko uku da har yanzu suke tallan alewar shinkafa. In sun wuce ta gabana sai in kira su in ce nawa 'yar Filifin? Su yi dariya su ce Baba ka cika rigima. Ɗaya ta riga ta koma tsohon suna.

Ban aika wa ƙanwata saƙo ba. Na san direbobin hanyar Sahuda sun fi ni saurin baki.

Bayan sallar layya, wata ranar kasuwa da hantsi, ina zuba wa wani madara, na ji murya a bayan masu jira.

"Mai shayi, a ba ni 'yar Filifin ɗaya."

Tana tsaye da ƙullin kayanta, kan muciya ya leƙo ta gefe. Na yanka na miƙa mata a ganye. Ta gutsura, ta tauna a hankali, duk tebur ana kallonta.

"Wa ya tuƙa wannan?"

Na ce ni.

"An ji. Ai ka huta a tsakiyar tuƙi."

Na ce sau ɗaya ne, kafaɗa ce.

"Sau ɗayan ne ai." Ta cinye sauran duk da haka, ta goge hannu a gefen zane. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban tambaya ba, kuma ba na jin ina da bakin tambaya. Ta zauna a bencin nan mai kyau, ta ce in ba ta shayi ba sukari da yawa. Sannan ta ce, "Rijiyarmu tana aiki?"

Na ce famfon ya lalace tun bara, mata sun koma mayo.

"Tun bara. Kuna zaune."

Na ce muna zaune.

Ta kurɓi shayin ta ajiye kofin. "Akwai jarka a gidanka wadda babu komai a ciki?"

Na ce akwai guda biyu. Ɗaya tata, ɗaya tawa.